Hukuncin auren jinsi a Amurka: kotu za ta iya yi mana haka a nan?

Dan_Kofar_Soro:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Jiya bayan isha'i muna majalisa wajen mai shayinmu, aka kunna rediyo muka ji wai Kotun Ƙolin Amurka ta ƙi sauraron wata mata da ta nemi a soke hukuncin da ya halatta auren jinsi. Gardama ta kaure har shayina ya huce ban sha ba. Wani dattijo a cikinmu ya dage cewa yadda alƙalai suka ƙaƙaba wa Amurkawa abin nan, haka wata rana za mu wayi gari alƙalan Abuja sun ƙaƙaba mana. Na rasa amsar da zan ba shi. Su Amurkawan, so suke yi ko dole aka yi masu? Kuma kotun Najeriya tana da wannan ikon? Masu sani a taimaka, ban da zagi don Allah.

Bakatsine_Zalla:
Wa'iyazubillah. Allah ya nesanta mu da zuri'armu. Ni ko jin labarin ba na son yi.

Uwar_Biyu:
Amin ya Allah. Amma Malam Bakatsine, ƙin ji ba ya hana abu zuwa. Gara a sani.

Barista_Rafindadi:
Wa alaikumus salam. Abin da kuka ji a rediyo reshe ne, ga tushen. Ranar 26 ga Yuni 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Obergefell cewa dole kowace jiha ta ɗaura irin wannan aure kuma ta amince da wanda aka ɗaura a wata jihar. Alƙalai 9 ne, 5 suka yarda, 4 suka ƙi. Wato da mutum ɗaya ya sauya ra'ayi da labarin ya bambanta. Anthony Kennedy ne ya rubuta hukuncin masu rinjaye, ya jingina shi ga gyara na 14 na kundin tsarin mulkinsu, wanda ya ce a yi wa kowa adalci iri ɗaya a gaban doka. Alƙalin alƙalansu John Roberts yana cikin waɗanda suka ƙi, kuma hujjarsa ba ta addini ba ce. Cewa ya yi wannan magana ta jama'a ce da majalisunsu, lauyoyi biyar ba su da hurumin rufe ta.

Matar da kuka ji kuwa Kim Davis ce, ma'aikaciyar da ke ba da takardar aure a wata ƙaramar hukuma a jihar Kentucky. Bayan hukuncin ta ce imaninta na Kirista ba zai bar ta ta sa hannu ba. Alƙali ya tura ta gidan yari a Satumban 2015, ta yi kwana biyar. Daga baya waɗanda ta hana takarda suka maka ta kotu aka ce ta biya diyya da kuɗin lauyoyi, sama da dala dubu 300. Shi ne ta ɗaukaka ƙara har sama, ta haɗa da roƙon a rushe hukuncin 2015 gaba ɗaya. Ranar 10 ga Nuwamba 2025 kotun ta ce ba za ta saurare ta ba.

Bakatsine_Zalla:
Kun ji ko? Mata ta tsaya kan addininta an ɗaure ta. Su ne kuma masu yi mana wa'azin 'yancin addini.

Barista_Rafindadi:
Gaskiya ba don imaninta aka ɗaure ta ba, don ta ƙi bin umarnin kotu ne alhali tana riƙe da ofishin gwamnati. Ko a nan, magatakardan kotun shari'a ya ce ba zai rubuta abin da alƙali ya yanke ba, ai ka san ba zai kwana a kujerar ba. Ka iya tausaya mata, amma a faɗi abu yadda yake.

Baƙon_Ohayo:
Salam 'yan uwa. Ni ɗan Sabuwar Unguwa ne amma shekarata 14 a Columbus, jihar Ohio, kuma daga jihar nan shari'ar ta taso. Abin da mutane ba su sani ba, ba a kan biki aka fara rigimar ba, a kan takardar shaidar mutuwa ce. Shi Jim Obergefell da abokin zamansa John Arthur 'yan Cincinnati ne. Arthur yana fama da ciwon da ke shanye jiki, likitoci sun ce ba zai tashi ba. A 2013 suka hau jirgin ɗaukar marasa lafiya zuwa Maryland inda doka ta yarda, aka ɗaura masu a cikin jirgin a filin sauka, suka juyo gida. Bayan 'yan watanni Arthur ya mutu. Rigimar ita ce ko za a rubuta sunan Obergefell a takardar a matsayin wanda mamacin ya bari. Da wannan labarin aka ja zukatan mutane da yawa a can.

Ranar da aka yanke hukuncin Juma'a ce, cikin azumi. Ina aiki a wani sito a lokacin. Wata abokiyar aikinmu ta fashe da kuka don murna, ɗanta ne ke cikin masu jiran hukuncin. Wani baƙar fata dattijo mai tuƙa motar ɗaga kaya, mai yawan zuwa coci, ya zo ya zauna kusa da ni lokacin hutu, ya san ba na cin abinci, ya ce mani shi yau ji yake kamar an yi mashi rasuwa. Su biyun nan washegari suka dawo aiki suna gaisawa kamar kullum. Da daddare aka haska Fadar White House da launin bakan gizo, alamar masu goyon bayan auren jinsi. Mu kuma a masallaci bayan tarawihi, tambayar da iyaye ke yi wa liman ɗaya ce: za a tilasta mana ɗaurawa a masallaci? Amsa ita ce a'a, kuma har yau ban ga an tilasta wa wani liman ko fasto ba. Inda abin yake cizo shi ne makarantar yara da wurin aiki.

Dan_Kofar_Soro:
Na gode Yaya. To ke nan rabuwa suka yi biyu?

Baƙon_Ohayo:
Sun rabu, amma ba rabi da rabi ba. Kamfanin Gallup mai jin ra'ayin jama'a ya tambaye su a 1996, kashi 27 cikin ɗari ne kawai suka goyi baya. A shekarar ma Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta ce aure a wurin gwamnatin tarayya na namiji da mace ne. Zuwa 2015 masu goyon baya sun kai kashi 60. Kafin kotun ta yi magana, jihohi sama da 30 cikin 50 sun riga sun fara, Massachusetts tun 2004. Don haka ka gaya wa dattijon majalisarku ba a dare ɗaya aka yi ba. Mutanen ne suka fara sauyawa, a fim da makaranta da cikin gidajensu, sannan alƙalai suka biyo baya.

Malam_Na_Gobarau:
Wannan magana ta ƙarshe ita ce abin tsoron, ba ta kwantar da hankali ba ce. In a shekara 19 ra'ayin al'umma zai juya haka, to ba Abuja za mu sa wa ido ba, wayar da ke hannun 'ya'yanmu ce. Hukuncin abin a Musulunci babu saɓani a kai, ƙissar mutanen Annabi Luɗu tana cikin Suratul A'araf da Hudu da wasu surori, kowane ɗan Islamiyya ya karanta. Aure a wurinmu yana da waliyyi da sadaki da shaidu da siga, tsakanin namiji da mace. Kotun duniya duk ta taru ba ta sauya wannan.

Dan_Daurama:
Allah ya gafarta Malam, haka yake. Allah ya jiƙan Baba Buhari. Wata guda bai cika ba da hukuncin nan ya tafi Washington wajen Obama, Yulin 2015. Mu a Daura a lokacin kowa kunnensa na kan rediyo, ana ta cewa za su matsa mashi. Kakakinsa Femi Adesina ya sanar cewa an tayar da maganar a ziyarar, Baba ya ce masu dokar ƙasarmu ta hana kuma ba al'adarmu ba ce. Ranar a tashar Kongolam har direbobin Nijar suna yi mana barka.

Sarkin_Gardama:
Dan_Daurama, a ba kowa haƙƙinsa. Dokar da Baba ya fake da ita wa ya sa mata hannu? Jonathan ne, Janairun 2014, lokacin David Mark na shugaban majalisar dattawa. Kiristoci biyu ke nan. Mun zage shi kan komai amma wannan ya yi ta, Turawa na ta kumfar baki. Tun 2011 David Cameron na Ingila ya yi barazanar rage tallafi ga ƙasashen da ke hukunta masu yi, majalisa ba ta fasa ba.

Dan_Daurama:
Ban musa ba. Ni na gida na yaba.

Barista_Rafindadi:
Bari in dawo kan tambaya ta biyu, tunda an kawo dokar 2014. Ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga waɗanda suka yi auren, shekara 10 ga wanda ya halarta ko ya taimaka ko ya yi rajistar ƙungiyarsu. A jihohin da ke aiki da shari'a, mu a Katsina tun 2000 zamanin marigayi Umaru Musa, akwai kuma dokar laifuka ta shari'a a kan Musulmi.

Kotu za ta iya soke doka in ta saɓa wa kundin tsarin mulki, wannan gaskiya ne. Amma sai ta sami inda za ta rataya hukuncin. Ku dubi Afirka ta Kudu, ƙasa ɗaya tilo a nahiyar nan da ake ɗaura auren. Kundinsu na 1996 ya rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a nuna wa mutum bambanci saboda jinsin da yake sha'awa. Da wannan kotun tsarin mulkinsu ta yi hukunci a Disambar 2005, ta ba majalisa shekara guda, majalisa ta yi doka a 2006. Namu sashe na 42 ya lissafa ƙabila, asali, addini, ra'ayin siyasa, kasancewa namiji ko mace, bai ambaci wancan ba. Sashe na 45 kuma ya ba gwamnati dama ta taƙaita wasu 'yanci saboda tarbiyyar jama'a da zaman lafiya. Ƙari a kan haka, auren Musulunci da na gargajiya ba ya cikin abin da majalisar tarayya ke da iko a kai ita kaɗai. An taɓa gwadawa ma: a 2014 wani ɗan Najeriya mazaunin Ingila ya ƙalubalanci dokar a Babbar Kotun Tarayya ta Abuja, aka kori ƙarar cewa ba shi da hurumin shigar da ita.

Sarkin_Gardama:
Barista ka cika yarda da takarda. A Kenya fa? Fabrairun 2023 Kotun Ƙolinsu ta ce a yi wa ƙungiyarsu rajista, mutanen Mombasa suka fito zanga-zanga bayan sallar Juma'a. Namibiya ma a shekarar kotu ta ce a amince da auren da aka ɗauro a waje. Su ma ai ba su zata ba. Kuma kotunan da muka ga yadda suke yi da shari'ar zaɓe, su ne za ka ce mani ba za su ba da mamaki ba?

Barista_Rafindadi:
Na Kenya rajistar ƙungiya ce, ba aure ba. Na Namibiya kuma majalisa ta tashi tsaye ta rubuta doka cewa aure na namiji da mace ne. Ga Indiya, Oktoban 2023 Kotun Ƙolinsu ta ce ita ba za ta halatta ba, aikin majalisa ne. Ban ce alƙalanmu mala'iku ba ne. Cewa na yi alƙalin da zai yi wannan a Najeriya sai ya shirya fuskantar limamai da bishop-bishop a rana ɗaya.

Musa_Malumfashi:
Barista ya faɗi gaskiya a nan. Ni Kirista ne, Bahaushe, kakannina duk a ƙasar Malumfashi aka binne su. Sau da yawa in ana wannan hira sai a riƙa kallonmu kamar abin namu ne tunda daga Turai ya zo. Cocin Anglika ta Najeriya ta raba gari da ta Amurka tun 2003 a kan wannan batu, zamanin shugabanta Akinola. Da Fafaroma Francis ya ba da izinin sa wa irin waɗannan ma'aurata albarka a Disambar 2023, bishop-bishop ɗin Katolika na Afirka suka ce ba za su yi ba. Don Allah a daina haɗa mu da abin da ba mu ce ba.

Malam_Na_Gobarau:
Maganarka a kan hanya take Malam Musa. Mun shaida.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Ni bari in ba ku nawa, ku yi dariya ko ku taya ni jaje. Bara kafin ƙaramar salla na saro kayan yara daga Kwari, cikinsu akwai dozin uku na 'yan riguna masu zanen bakan gizo da gajimare, abin sha'awa. Wata ta saya wa 'yarta, washegari ta dawo da ita shagon a fusace, wai mijinta ya ce tutar 'yan luwaɗi na sayar masu. Kafin la'asar labari ya zaga layinmu. Rigunan nan suna nan a ƙasan kanta cikin leda, ko kyauta na ba da ba mai karɓa. Bakan gizon da muke yara in ya fito mu ce ya shanye ruwa, yau shi ne ya zama abin gudu.

Uwar_Biyu:
Hajiya sannu, Allah ya mayar da alheri. Irin haka ta faru da ƙanena a 2015 ɗin. Facebook suka fito da wani abu da ke rina hoton mutum da launuka, shi kuwa yana aji biyar na sakandare, ya ga kowa na yi ya ɗauka kwalliya ce. Wani ya nuna wa Baffanmu. Yaron nan ya sha mari kafin a tambaye shi ko ya san ma'anarsa. Sati biyu bai fita ƙwallo ba don kunya.

Ɗan_Batsari:
Ku yi haƙuri, ni abin nan haushi yake ba ni. Mu da muka bar gonakinmu muka dawo cikin gari muna haya, wanda aka sace mashi mata yana neman kuɗin fansa, shi za ka je ka gaya wa Kim Davis? Duk lokacin da talaka ya fara tambayar ina tsaro ina taki, sai a jefo mana maganar auren jinsi mu yi ta haushi. Ku tuna Yulin 2024 da aka ce gwamnati ta sa hannu a yarjejeniyar Samoa da Tarayyar Turai, wai ta yarda da auren jinsi ta sayar da mu kan dala biliyan 150. Huɗuba aka yi ta yi. Daga baya aka duba takardar babu maganar auren jinsi a ciki, jaridar da ta buga ma ta nemi afuwa. Wa ya dawo ya gaya wa jama'a a kan mumbari?

Bakatsine_Zalla:
Ɗan_Batsari Allah ya kawo maku sauƙi, wallahi muna tare da ku. Amma don gida na cin wuta ba a cewa a bar ɓarawo ya shiga. Kuma matsin lambar ba ƙarya ba ce. Da Uganda ta yi dokarta a 2023 Bankin Duniya ya dakatar da ba ta sabon bashi. Wannan ba jita-jita ba ne.

Barista_Rafindadi:
Duka biyun gaskiya ne. Abin da zan ƙara, ko da shugaban ƙasa ya sa hannu a wata yarjejeniya, sashe na 12 ya ce ba ta zama doka a Najeriya sai majalisar tarayya ta mayar da ita doka. Da an san wannan da hawan jinin Samoa ya ragu.

Tela_Kofar_Kaura:
Ni ba malami ba ne ba lauya ba, amma akwai abin da na gani da idona da ya sa nake tsoron irin wannan zance in ya yi zafi. Akwai yaron da ya koyi ɗinki a wurina, maraya, muryarsa siririya, tafiyarsa a hankali, haka Allah ya yi shi. Ya yi faɗa da wani a kan kuɗin waya, wancan ya fita ya ce ai ɗan luwaɗi ne. Magariba ba ta yi ba samari sun taru a ƙofar shago da sanduna. Na rufe shi a ciki na tsaya a bakin ƙofa ina rantse-rantse har mai unguwa ya iso. Da aka zauna, mai ƙazafin ya ce shi wasa yake yi. Wasa! Yaron ya bar garin, keken ɗinkinsa yana nan wurina shekara uku, na rufe shi da buhu. Duk mai cewa a kashe a ƙone, ya tuna wata rana ɗansa za a nuna.

Malam_Na_Gobarau:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Wannan zalunci ne, kuma shari'ar da muke kare wa ita ce ta fara haramta shi. Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai ƙazafin da bai kawo shaidu huɗu ba. Hujurat ta ce in fasiƙi ya zo da labari a bincika, ta hana zato, ta hana bin diddigin asirin mutane. Hukunci aikin alƙali ne da hukuma, ba na 'yan sanduna ba. Haramcin aikin bai halatta jinin wanda aka zarga a titi ba. Tela, Allah ya saka maka.

Sarkin_Gardama:
To Malam, a Bauchi Janairun 2014 ai kotun shari'ar kanta aka yi wa ruwan duwatsu ana neman a miƙo waɗanda ake tuhuma. Mu da muke cewa alƙalan Amurka sun ƙi jin jama'a, namu alƙalan in sun tsaya kan ƙa'ida jifansu muke yi. Mi muke so ne, kotu ta bi doka ko ta bi hayaniya?

Ƴar_Alƙalam:
Tambayar nan ta Sarkin_Gardama ta fi ƙarfin a wuce ta. Amina Lawal a nan jihar aka yanke mata jifa kan zargin zina a 2002, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a a Katsina ta sallame ta a Satumban 2003. Iyayenmu sun ce a lokacin wasu sun ce Turawa aka ji wa tsoro, wasu sun ce fiƙihun Malikiyya aka bi. Ko'ina dai wanda hukunci bai yi wa daɗi ba cewa yake an saye alƙali. Ni abin da ya ba ni sha'awa a bayanin Barista shi ne Ireland ba ta cikinsa: su a Mayun 2015 ƙuri'ar raba gardama suka yi, kashi 62 suka amince. Ko ba ka son sakamakon, ba ka ce alƙali biyar ne suka yi ba.

Baƙon_Ohayo:
Ƙanwata, su ma Amurkawan sun gane haka. Da kotun ta rushe hukuncin da ya halatta zubar da ciki a Yunin 2022, alƙali Clarence Thomas ya rubuta cewa a sake duba na auren jinsi ma. Tsoro ya kama masu goyon baya, suka garzaya majalisa, Biden ya sa hannu a doka a Disambar 2022 don ko kotu ta juya, auren da aka ɗaura ya tsaya. Shekara goma ke nan ba a daina jan igiyar ba. Ni dai 'ya'yana biyu na mayar da su gida wajen kakarsu suna Islamiyya, sai sun yi hankali su dawo.

Uwar_Biyu:
Yaya ka yi dabara, amma wayar da Malam ya ambata tana nan Sabuwar Unguwar ma.

Dan_Kofar_Soro:
Jama'a na gode ƙwarai. Na karanta wa dattijon namu bayanin Barista yanzu a majalisa, har sashe na 42 da na 45. Ya saurara tsaf, ya kurɓi shayi, ya ce shi dai bai yarda da alƙalan Abuja ba ko da sashe ɗari ne.

Hajiya_Mai_Atamfa:
Baƙon_Ohayo, in za ka aiko wa yaran kaya ka duba zanen da kyau. Kuma in akwai mai son rigunan nan dozin uku a can, na bar maka a kan sari.